Kwamfutar Baffa: yadda aikin tada ta yake tafiya

Asabar, 18 ga Nuwamba, 2023

Yau na ɗauko ta. Tun ranar Laraba Goggo ta aiko yaro, wai in zo in kwashe talabijin ɗin Baffana daga ɗakin shirgi kafin ta kira 'yan gwangwan, don za a sake wa ɗakin rufi. Na san ba talabijin ba ce. Tun ina ɗan firamare nake leƙen ta a shagon marigayin da ke babbar kasuwar Garwa, a nan arewacin Kamaru, an lulluɓe ta da ƙyallen atamfa, ba mai taɓa ta sai akawunsa.

Amstrad PC1512 ce, ƙirar kamfanin Alan Sugar na Ingila, wadda ta fito a 1986. Ta yi kasuwa sosai a Faransa saboda arha, shi ya sa samun ta a nan ba abin mamaki ba ne. Goggo ta ce Baffa ya saye ta hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida, wajen 1988. Madannan ma na Faransanci ne, AZERTY, irin wanda hannunmu ya saba da shi.

Abin da na samu: gangar jiki mai bakin disket biyu, akwatin kallo, madannai, da kwalin takalmi cike da manyan disket masu inci 5.25, guda 23. Linzami ya ɓata. Littafin bayaninta kuwa gara ta gama da shi, bango kaɗai ta bar mini.

Ina ɗaure kayan a bayan babur Goggo ta tsaya a bakin zaure tana kallo na.

"Ɗan nan, me za ka yi da wannan tarkacen?"

"Goggo, so nake in ji ta yi magana."

"To, Allah ya ba da sa'a. In ta yi magana ka ce ina gaishe ta."

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ban jona ta da wuta ba, kuma ba zan jona ba sai na ga cikinta. Na taɓa kashe wata tsohuwar kwamfuta da garaje irin wannan, hayaƙinta har yanzu yana hancina.

Da na ɗage murfi, sai ga jar ƙura kamar an zuba garin barkono, ga gidan zanzaro biyu manne a bayan injin disket na biyu, sun bushe sun yi ƙarfi kamar tubali. Da bakin sukurdireba na riƙa ɓantarar su a hankali. Buroshin fenti da abin hura iska na masu gyaran agogo suka ci mini yammacin nan gaba ɗaya.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen batir. Irin wannan kwamfuta tana riƙe lokaci da saitinta ne da batir huɗu na rediyo, masu girman AA, a wani rami da ke saman gangar jiki, daidai inda ƙafar akwatin kallo ke zama. Huɗun suna nan tun zamanin Baffa, sun fashe, sun yi farin gishiri. Amma fa sa'a ce aka yi. Da yake ramin yana wajen babban allon ciki, wanda masu gyara a nan ke kira kart-mer, ruwan batir ɗin ƙarafunan ramin kawai ya ci da wayoyi biyu. A kwamfutocin da suka biyo baya, na zamanin 386 da 486, da yawa an liƙe batir ɗin ne a kan allon kansa, in ya tsiyaye sai ya cinye hanyoyin tagulla. Ina da irin waɗannan alluna biyu a ƙarƙashin tebur, ba su da magani. Na wanke ramin da ruwan lemun tsami, tunda tsami ne ke kashe irin wannan gishiri, sannan na bi da alkol na kantin magani.

Allon kansa fes yake. Ga Intel 8086, ƙwayar da ke yi wa kwamfutar lissafi, mai gudun megahaz 8 a zaune, alhali IBM ta farko ta 1981 da 8088 ta zo, mai 4.77. Ƙwaƙwalwar aiki kilobait 512, inda sunan ya samo asali ke nan. Hoto ɗaya na wayata ya ninka wannan sau da yawa. A gefe akwai guraben ƙwayoyi 18 da ba kowa a ciki, na mai son ƙara ta zuwa 640. Na ajiye wannan a raina.

Asabar, 2 ga Disamba

Ga inda gizo ke saƙa. A PC1512 babu tukunyar wuta a gangar jiki. Tana cikin akwatin kallo, daga nan wani kebul mai kauri ke kai wa kwamfutar abincinta. Ma'ana, in akwatin kallo ya mutu, komai ya mutu. Ni kuwa aikina waya ce da laftof. Kwalbar talabijin ta da ba fagena ba ce, kuma tana iya riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire ta daga soket.

Sai na kai shi wajen Baba mai rediyo a Yelwa. Dattijo ne da ya shekara fiye da arba'in yana gyaran rediyo da talabijin mai ƙusumbi, yanzu da masu faɗi suka cika gari sai fanka da dutsen guga ake kawo masa. Da ya ga akwatin ya gyara zama.

"Yaro, ina ka tono wannan?"

"Na Baffana ne, Baba. Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Matso ka gani, amma hannu a baya."

Ya ɗaure waya a jikin doguwar sukurdireba, ɗaya bakin ya maƙala a ƙarfen da ke kewaye da kwalbar, ya sa hannun hagu a aljihu, ya zura bakin sukurdireba ƙarƙashin robar nan mai kama da kofi. Ba ƙara ba tartsatsi, wuta ta daɗe da tsiyayewa. Ya ce ko da ya san babu, haka yake yi kullum, shi ya sa ya kai furfura.

A kan allon wutar muka tarar da tsaka, busasshiya, ta miƙe tsakanin ƙafafu biyu na tagulla, wurin ya yi baƙi. Fis ya ƙone. Wataƙila ita ce ta tsayar da kwamfutar tun farko, Baffa ya ɗauka ta mutu aka kai ta ɗaki. Baba ya ce kada in yi saurin murna: kondensa uku sun kumbura, kuma dalmar ƙafafun babban taransifoma ta tsattsage.

Lahadi, 10 ga Disamba

Mako guda ina neman abin da a da ko'ina akwai shi: ƙwan lantarki mai zare, wat 60. Baba ba zai kunna akwatin ba sai ya jera ƙwan a kan layin wuta. In akwai gajeriyar hanya a ciki, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, kayan su tsira. In lafiya, zai yi walƙiya ɗaya ya dushe. Ƙwan zamani ba ya wannan aiki, kuma shi kaɗai ne a shaguna. Yau a kasuwar Pitowa na samu biyu wajen mai sayar da kayan kiwon kaji, su ke ɗumama 'yan tsaki da shi. Ya yi mamakin yadda na biya ban taya ba.

Asabar, 16 ga Disamba

An canza kondensa, an sabunta dalma, an sa fis. Muka jona gangar jiki, Baba ya danna. Ƙwan ya haska kamar rana. Ya kashe nan take.

Muka shiga cire kaya ɗaya bayan ɗaya. Da na zare wutar injin disket na biyu, wanda zanzaro ya yi gida a bayansa, sai ƙwan ya yi walƙiya ya dushe. Mita ta nuna layin bolt 12 na wannan injin ya haɗe da ƙasa. Wata 'yar kondensa ce mai kama da ƙwayar wake ta toshe. Na ajiye injin gefe, ɗaya ya ishe ni yanzu. Bolt 5 daidai, 12 daidai.

Sannan muka ji wata siririyar ƙara daga kwalbar, irin wadda yara ke ji manya ba sa ji, allo ya fara haske daga tsakiya. Rubutu ya fito, da Faransanci. Ta ce a sa mata sabon batir, a gyara lokaci, kuma a ba ta disket. Baba ya cire tabarau ya goge, ya ce rabon da ya ga rubutu a kan kwalbar da ya gyara har ya manta. Na ba shi abin da na ga ya dace, ya mayar mini da rabi, ya ce sauran in sayi dalma mai kyau, tawa ta gwangwani ce.

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Na yi ɓarna, kuma ba wanda zan ɗora wa.

Wannan kwamfuta da disket huɗu masu launi ake sayar da ita. Ja shi ne na MS-DOS 3.2, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, akwai na GEM mai hotuna da linzami, akwai na DOS Plus. A kwalin Baffa na sami ja da rawaya. Don ɗoki sai na zura jan kai tsaye ban duba fuskarsa ba. Injin ya juya, na ji ƙiii kamar ana jan kujera a kan siminti. Da na zaro, ga zobe fari ƙal a jikin faifan, ana hango haske ta ciki. Fumfuna ce ta damina talatin ta kama fuskar, kan injin ya bi ta kai ya kankare baƙin maganin da rubutun ke zaune a ciki. Disket na asali, mai tambari, ya tafi ke nan. Na yini ba walwala.

Lahadi, 14 ga Janairu

Yanzu ga ƙa'ida. Kowane disket sai na juya faifansa da yatsa ta taga, a gaban haske, na duba fuska biyu. Mai tabo, in yanka bakin rigarsa da reza, in zaro faifan, in wanke da ruwan sanyi da ɗigon sabulun ruwa, da tafin yatsa kawai, in ɗauraye, in jingine a cikin kabad ya bushe. Ba a rana ba, ba kuma a fili ba, don hazon bana ko kofin shayi ka ajiye minti goma sai ya yi fata. Daga nan in sa shi a tsabtatacciyar riga da na ware don wannan. Bayan kowane karatu in goge kan injin da auduga da alkol. Disket ɗaya yana cin kusan awa.

Akawun Baffa, Allah ya saka masa, ya yi kwafin DOS a wani baƙin disket ya rubuta a kai da biro. Shi na wanke, shi ya tashi. Harafin A da alamarsa suka fito, ɗan layi yana ƙiftawa. Na buga umarnin DIR, sunayen fayiloli suka zubo.

Kowane disket kilobait 360 yake ɗauka: layi 40 a kowace fuska, yanki 9 a kowane layi, bait 512 a kowane yanki. Duka kwalin nan bai wuce waƙa biyu ko uku a waya ba.

Lahadi, 28 ga Janairu

Ba aiki wannan makon. Jiya Najeriya ta fitar da mu daga gasar kofin Afirka a Abijan, ci biyu ba ko ɗaya, duka Lookman. 'Yan uwa na Yola sun hana wayata sakat. Na tuna musu cewa a 2022 a filin Rumde Ajiya na nan Garwa muka yi ta mara wa tawagarsu baya, ga sakayya. Disket 9 na wanke zuwa yanzu, 7 sun karantu.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Saƙo ya iso. Ɗan yayata da ke karatu a Faransa ya sayo, ya ba wani mai zuwa Yawunde, daga can jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, daga nan motar safa. Mako biyar, don ƙunshin da bai fi sabulu biyu ba.

Abu biyu ne a ciki. Na farko ƙwayoyin ƙwaƙwalwa samfurin 4164, guda 20, biyu na ko-ta-kwana. Dalilin 18 shi ne 8086 bit 16 take ɗauka a lokaci guda, sai ƙarin biyu masu duba kuskure. Jimilla kilobait 128. Na daidaita ƙafafunsu a kan tebur, na dasa su, na sauya ɗan mahaɗin da ke shaida wa allon cewa an yi ƙari. Karon farko ta ƙi. Da tocila na gano ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin ƙwaya maimakon rami. Na miƙe ta da hantsaki. Ta ƙirga 640.

Na biyu katin XT-IDE, wanda masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suka ƙirƙiro don a sa katin CompactFlash, irin na kyamara, a madadin babban faifai. Ya shiga ɗaya daga guraben kati uku na baya. DOS 3.2 ba ya ganin fiye da megabait 32 a yanki ɗaya, don haka katina mai 256 kashi ɗaya cikin takwas kawai ake mora. Ko a jikina. Abin da nake so shi ne in kwashe abin da ke disket sau ɗaya, in daina wahalar da su.

Yaron ya kuma ce zai aiko da NEC V30, wadda ake cire 8086 a sa ta don ƙarin gudu. Na ce ya bari. Ƙwaƙwalwa gurbinta na tarar a buɗe, kati kuma in na zare shi ba alama. Amma 8086 ɗin nan ita ta yi wa Baffa lissafi, kuma ba inda nake sauri.

Lahadi, 3 ga Maris

Disket 16 sun shiga kati. Uku sun karantu rabi da rabi, DOS na ta tambaya ko a bari, ko a sake, ko a tsallake. Na gyara injin na biyu da kondensar da na ciro daga mataccen allo. Abin mamaki, disket ɗaya da na farko ya ƙi, shi ya karanta shi tas.

Asabar, 23 ga Maris, 13 ga Ramadan

Zafi ya sauka. Da rana ɗakin aikina ba ya shiguwa, kuma wannan kwamfuta ba ta da fanka ko ɗaya. Sai bayan asham nake kunna ta, in saita fankar tsaye a bayan akwatin kallo, in ɗora ta a kan batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta same ni ina tsakiyar kwafi.

A daren nan na fara karanta abin da na kwashe, ba kwashewa kawai ba. Yawanci fayilolin manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ne, masu ƙarewa da WK1. Laftof ɗina yana buɗe su da LibreOffice, amma disket ɗin manhajar ya tsira, kuma na fi son ganin su a inda aka rubuta su. Sunaye ba sa wuce harafi takwas: GORO91, ATAMFA92, SUKARI, BASHI93. Akawun yana cakuɗa Faransanci da Hausa, kuma da yake haruffan DOS ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga kudi, kasa, bari, ka cinta da kanka.

Na bi ATAMFA94 layi-layi. Makon farko na Janairu komai yana tafiya yadda ya saba. Daga tsakiyar wata sai lambobin suka yi tsalle, atamfar waje ta kusa ninkawa, ta gida ta CICAM ta tashi amma ba kamar ta ba. Ranar 12 ga Janairu, 1994 ke nan, da aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. A makaranta mun karanta wannan a layi biyu. A nan kuwa ga shi turmi-turmi. Kwana tara babu ciniki ko ɗaya da aka shigar. Da aka dawo, masu ɗaukar turmi goma sun koma uku, kuma rukunin bashi da ke BASHI94, wanda a da bai cika allo ɗaya ba, sai da na danna maɓallin sauka sau huɗu kafin na kai ƙarshensa.

A allo na uku na ga sunan mahaifina. Turmi shida, Maris 1994. Gurbin biya babu komai.

Na kashe fanka, na kashe kwamfuta, na zauna har aka fara kiran sahur.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na bari sai da aka yi salla ranar Laraba, baƙi suka ragu, sannan yau na ɗauko Goggo a mota. Ta zauna a kan tabarma, na kunna. Da rubutu ya fito ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ashe da ranta."

"Na isar da gaisuwarki, Goggo."

Na karanta mata kayan goro, ta riƙa gyara mini sunayen fatake, wannan na Ngawundare ne, wancan ya rasu a hanyar Makka. Sai na ce akwai rukunin bashi, kuma akwai sunan mahaifina a ciki, ina so in san abin da ya hau kanmu.

Ta yi shiru, sannan ta ce in sauka ƙasa, can ƙarshe, in akwai wani abu. Na sauka. Bayan sunan ƙarshe akwai layi biyu babu komai, sai kalma ɗaya a gurbin farko, da manyan haruffa: YAFE. Ba kwanan wata, ba a ce na wane ba.

"Shekarar nan ba wanda ya iya biya," in ji ta. "Ya tara su a zaure bayan sallar layya ya faɗa da bakinsa. Ubanka yana wurin. Ni na dafa abincin."

Na ce ko in buga wa 'ya'yan Baffa takardun, su ajiye.

"Na goro da na atamfa ka buga. Wancan kuwa ka bar shi a cikin talabijin. Jikokin mutanen nan suna gari."

Haka za a yi. BASHI93 da BASHI94 na cire su daga laftof, suna kan katin da ke cikin kwamfutar da kuma disket ɗinsu.

Saura disket uku ban taɓa ba, ɗaya ya lanƙwashe, na danne shi tsakanin littattafai tun Fabrairu. Harafin E na madannai yana maƙalewa. Linzaminta ba irin na kowa ba ne, sai nata, na sa yaron Faransa ya sa ido. Kafin ruwan farko kuma dole in samo akwati mai murfi da zai hana danshi, in ba haka ba wankin da na yi wa disket ɗin nan ya tashi a banza. Goggo ta ce akwai tsohuwar adakar ƙarfe a ɗakin shirgin, in je gobe kafin 'yan gwangwan.